Ki Sa Hannu Inda Na Yi Alama

Zuwa ga Baban 'Yar Giɓi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kun huta gajiyar hanya kai da ɗiyata, kuma kun tarar da su Yaya lafiya.

Ga saƙon da ka ce in aiko: takardar aurenmu, takardar haihuwar yarinya, da hotunanmu kaf, har da wanda ka runtse ido kamar an watsa maka barkono. Na so in riƙe na ainihin in turo kwafi, amma tunda ka ce ofishin bizarku ba ya karɓar kwafi, shi ke nan. Kuma ka ce in riƙa rubutowa a takarda don a saka a fayil, su ga aure na nan da ransa. To ga shi, duk da ka san rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Na sayar da gado da firji yadda ka ce. Katifa kawai ta rage, ɗakin har amsa min magana yake yi. A otal kuwa ina nan ina fama da guga, jiya zanen gado ɗari da sittin na goge.

Don Allah ka matsa musu. Ka san izinin zamana a nan a jikin takardar aikinka yake, tunda ka ajiye aiki wata uku suka ba ni. Ni ba 'yar nan ba, ba 'yar ƙasarku ba, kada in zama jemage.

Kunnen yarinya na hagu, ka riƙa ɗiga mata maganin safe da yamma. Ba za ta ce yana ciwo ba, jan sa kawai za ka ga tana yi. Ka ce wa Yaya kada a ja mata kitso da ƙarfi. Ina kewarku, har abinci ba ya min daɗi.

Ka huta lafiya.
Taka, Maman 'Yar Giɓi

*

Zuwa ga Maman yarinya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, saƙo ya iso kuma komai ya cika.

Saura takarda ɗaya, ga ta a cikin ambulan ɗin nan. Ki sa hannu inda na yi alama da fensir, shafi na biyu da na huɗu, a gaban mai hatimi, ki dawo da ita cikin makon nan. Ta makarantar yarinya ce, ba sa ɗaukar yaro sai da yardar uwa. Ba sai kin wahalar da kanki da karantawa ba, yaren lauyoyi ne.

Ki ba su sanarwar barin aiki tun yanzu, domin biza na iya fitowa kowace rana. Ki kuma rage kiran waya. Duk ranar da ta ji muryarki ba ta cin abinci, kuma hakan ba ya taimakon kowa.

Kunnenta ya warke.

Wassalam.
Mijinki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ki, ya gida, ya ɗawainiyar 'yarku? Allah Ya saka da alheri.

Yaya, ki yi haƙuri na tsallake ƙanenki na zo gare ki. Wasiƙa huɗu na rubuta masa ba amsa, waya kuma tana ta ringin har ta gaji ta katse.

Shekaranjiya na tafi ofishin jakadancinku da ƙafata. Na ɗauki lamba, na zauna tun safe har azahar. Matar da ke bayan gilashi ta buga sunana a kwamfuta, ta sake bugawa, ta karɓi fasfona ta duba ko harafi ya kuskure. Sai ta ce babu fayil da sunana. Ba wai bai fito ba, ba a taɓa buɗe shi ba. Ta ce miji ne ke fara shigar da buƙata daga can, kuma babu wanda ya shigar.

Na ce to ni in shigar da kaina. Ta ce in kawo takardar aure ta ainihi. Na ce tana wurinsa. Ta ce ta haihuwar yarinya fa, ko a duba min ta hanyar uwa? Na ce ita ma tana wurinsa. Ta dube ni ta ce, “Baiwar Allah, to me ke hannunki?” Na buɗe jaka ina lalube kamar zan sami wani abu. Mutumin da ke bayana ya yi tsaki, na matsa na ba shi wuri.

Na bar aiki tun wancan watan, har sun ɗauki wata a teburin gugata. Mai gidan hayar ya ba wa wasu ɗakin. Kwana goma sha ɗaya suka rage min a ƙasar nan. Tsoro nake ji, Yaya. Wataƙila wani dillali ne ya yaudare shi yana jin kunyar faɗa min. Ki ce masa ba zan yi faɗa ba, wallahi ko uffan ba zan ce ba.

Ki shafa min kan yarinya.
Matar ƙanenki

*

Matarmu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yarinya ma lafiya lau, har ta yi kumatu.

Babu dillalin da ya yaudare shi. Ƙanena shekara goma sha biyu yana tsaron sito, allura ba ta taɓa ɓace masa ba, balle fayil. Shi mai kunya ne, ni kuwa an yanka min cibiya da rashinta, don haka bari in fasa miki ƙwan.

Kin tuna shekara huɗu da suka wuce, da na bugo na ce Inna tana kiran sunansa? Ya haɗa jaka. Ke kika tsaya a bakin ƙofa kika ce ana tsakiyar sabunta takardunku, in ya fita izininku duka zai lalace, ya jira mako uku. Ya jira. Inna ta yi kwana tara tana juya kai duk sanda aka taɓa ƙofa. Ni na rufe mata ido. Tun ranar bai ƙara ce miki komai a kan maganar ba, ke kuma kika ɗauka ya manta. Ai shiru ba tsoro ba ne.

Takarda ce ta hana shi ganin uwarsa, kuma ke kika miƙa masa ita. Yanzu sai ki zauna ki ji yadda mako uku yake.

Wadda kika sa wa hannu kuwa, da kin karanta da kin ga ba ta makaranta ba ce. Kin yarda da bakinki yarinya ta zauna wurin ubanta, riƙo da tarbiyya duk nasa. An kai kotu, an buga hatimi. Mai gugar zanen gado ɗari da sittin ta kasa karanta shafi huɗu!

A ɗakina take kwana. Makon farko ta yi ta kuka, yanzu ta daina. Yaro ai ɗan yau ne. Haƙoranta na gaba sun fito, don haka sunan nan da kike kiranta ma ya tashi aiki.

Ki koma wurin danginki tun kafin a kore ki. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.
Yayar mijinki

*

Baban ɗiyata,

Sallama. Ban san yadda ake gaishe da mutum irinka ba, amma na gaishe ka.

Yaya ta rubuto min komai. Na faɗi maganar nan ta ka jira mako uku, ban musa ba. A lokacin yarinya shekararta biyu tana kwance da zazzaɓi, na ji tsoron a watso mu waje. Kai ka ajiye jakar da hannunka, ka ce gaskiyata ce. Da aka yi rasuwar na yi kuka har ka ce in yi shiru haka nan. Ashe shekara huɗu kana cin abincina, kana kwana a gefena, kana lissafa ranar nan. Ka sa na sayar da gadon da na haife ta ina kwance a kai, ina dariya ina ciniki. Na tsane ka, kuma na fi tsanar kaina da na yarda da fensirinka.

Gobe zan hau jirgi zuwa ƙasarmu. An ce ko bizar ziyarar ƙasarku sai wani daga can ya gayyace ni, kuma na san babu mai yi. Zan nemi lauya ko da shekara goma za ta ɗauka.

Abu ɗaya nake roƙo, ba don ni ba. Za ta tambaya. In ta tambaya, kada ka ce mata na ƙi zuwa. Ka ce mata hanya ce ta tsare ni, ka ce ina nan tafe. Ita ma Inna ai ta san kana son zuwa, na tabbata Yaya ta faɗa mata. Ka bar wa ɗiyata ko da wannan.

Uwarta

*

Zuwa ga Maman yarinya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, da fatan kin sauka lafiya.

Ta tambaya, tun kafin ki rubuto. Ban ce mata kin ƙi zuwa ba, ni ba na yi wa yaro ƙarya. Takardar da kika sa wa hannu na ɗauko na ba ta. Ta fara iya karatu, malamarsu na yabonta sosai. Da kanta ta haɗa haruffan sunanki, kuma ta gane sa hannunki ne. Ta ce in mayar da ita cikin durowa.

Ba ta sake tambaya ba.

Wassalam.