Makullin Ɗakin Niƙa Yana Hannuna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma bakin injin niƙanta tana faɗa da masu kawo hatsi da tsakuwa.

Saƙonka ya iso, wai in ba Kawu haƙuri in miƙa masa makullin ɗakin niƙa. Yaya, haƙuri zan durƙusa har ƙasa in bayar, amma makulli kam a'a. Ga abin da ba a gaya maka ba. Kawu ya haɗa injin fanka da ƙaramin janareta da bel, wai injin ya juya janareta, janareta ya ba injin wuta, su yi ta yi har abada ba fetur ba batir. Yanzu so yake ya kwance injin Inna ya ƙera babba, alhali da injin nan gidanmu ke ci.

Ranar gwaji ya tara dangi a shagonsa, ya ce tunda kimiyya nake koyarwa in zama shaida. Abin ya daɗe yana juyi da batir. Yana cire batirin ya tsaya cak, Gwaggo ko guɗarta ba ta ƙarasa ba. Ya ce bel ne ya yi sako-sako. Na roƙe shi ya taɓa jikin injin, ya taɓa, ya janye hannu ba shiri. Na ce masa wannan zafin da ƙarar da ta cika mana kunne, ƙarfin ne ya sauya kama ya fice, kuma ba ya dawowa. Inji ba ya haifar da ƙarfi, abin da aka ba shi yake juyawa, kullum kuma da ragi. Babba ma tsayawa zai yi. Nan Gwaggo ta ce boko ya cire mini kunya.

Wallahi maganar ta yi mini ciwo, domin Kawu ne ya fara koya mini riƙe sukuddireba. Amma Inna ba ta iya ce wa ƙaninta a'a, shi ya sa ta damƙa mini makullin tana kallon ƙasa. Ni na iya. Na gaya wa Kawu ranar da nasa ya yi awa ɗaya ba batir, da hannuna zan buɗe masa ƙofa. Yau kwana tara bai aiko ba, injin Inna kuwa yana ta niƙa.

Ka gaida matarka da takwarar Inna da ƙannenta. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta