Tsoho Mai Ƙararrawa a Binciken Madalo

Zomba, farkon damina

Zuwa ga 'yata Tiyanjane,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Kondwani da jikokina. Allah Ya tsare ku daga sanyin Glasgow da kike cewa yana shiga har ɓargo. Mu nan ruwa ya sauka, dutse ya yi kore shar, kowa ya duƙufa shukar masara. Gwaggonki Nachisale ta samu sauƙin idonta, har ta koma zuwa coci da ƙafarta. Maƙwabcina Che Jafali yana nan da bakinsa, bai rage komai ba. Za ki ga rubutun ya karkace, tsufa ne, ki yi haƙuri da shi. Na zaɓi takarda ne domin a waya ba na iya faɗin abin da ke raina. Da na ji muryarki sai bakina ya ce lafiya lau tun kafin in ba shi izini.

Bara, kafin girbi, wata yarinya mai suna Madalo ta zo gidan nan. Ɗaliba ce mai neman digiri na uku, tana bincike a kan tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Kaka, sannan ta karanta mini sharuɗɗan aikinta: kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike ya ba ta izini, ina iya yin shiru duk lokacin da na so, kuma ba za a taɓa ambaton sunana ba. Wannan na ƙarshe ne ya ɓata mini rai. A zamanin da na yi karatu, sunan mutum ya fito a bugaggen littafi ba ƙaramar daraja ba ce. Na ce mata ni da na koya wa rabin garin nan rubuta sunansu, ni za a hana wa nawa? Ta ce doka ce, ba raini ba. Na ce to in ba za a sa suna ba, a rubuta cewa tsohon hedimasta ne, wanda makaranta ta ba shi ƙararrawarta ranar da ya yi ritaya, kuma 'yarsa malama ce a jami'a a ƙasar waje. Ta yi ta noƙewa, ni kuma na tsare ta da idon da nake tsare 'yan aji. Yarinya ce mai ladabi, ba ta iya musu da furfura ba.

Da ta kunna rikoda sai bakina ya buɗe. Na gaya mata abubuwan da ban taɓa gaya miki ba. Na ce na faɗi a banɗaki, na kasa tashi, sai da matar Che Jafali ta ga rana ta yi ban buɗe wa kaji ba sannan aka zo aka ɗaga ni. Na ce sau ɗaya nake cin abinci a wuni, domin tuƙa tuwo saboda baki ɗaya ba shi da daɗi. Na ce da yamma nakan kaɗa ƙararrawar nan a tsakar gida don kawai in ji wani sauti ban da tarina. Duk wannan gaskiya ne. Amma na lura da wani abu: duk lokacin da labarin ya ƙara ɗaci, sai ta ajiye biro ta ƙara gyara zama. Na daɗe ban ga mutum ya zauna don ya saurare ni ba, ban so ta tashi ba. Shi ne na ce mata na haifi 'ya wadda ke koya wa Turawa yadda za su kula da tsofaffinsu, amma nata tsohon, kaji ne ke lura da ko yana da rai. Ban ce mata ke kike aiko da magungunana ba. Ban ce kin roƙe ni in dawo wurinki na ƙi ba, ko kuma kin samo mai dafa mini abinci na sallame ta don kada a ce hedimasta ya zama abin jinya.

Makon jiya Madalo ta dawo, ta rame, ko shayin da na haɗa mata ba ta iya sha ba. Ta bayyana mini yadda abin yake, ko da yake ke kin fi ni sani. Ta aika rubutunta ga wata mujallar masana a ƙasar waje. Edita ya cire sunanta, ya tura wa masu tantancewa, ita ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba, kuma haramun ne a gare su su gaya wa kowa abin da suka karanta. To ɗaya daga cikinsu ya mayar da aikin bai gama ba. Ya ce wa edita ya gane tsoho mai ƙararrawa, don haka ba zai iya yi wa rubutun adalci ba, kuma in shi ya gane shi, wasu ma za su gane. Edita ya dakatar da komai, ya ce sai ta dawo ta sake neman amincewata. Malaminta ya yi mata faɗa sosai, ya ce aikin mai bincike ne ya kare mutum ko da daga bakin kansa. In rubutun bai fito ba, ba za ta kammala bana ba. Tana faɗa tana ba ni haƙuri, alhali ni na jefa ta ciki.

Na tambaye ta ko mace ce ko namiji mai tantancewar. Ta ce wallahi ba ta sani ba, kuma ba ta da ikon tambaya. Amma bayan ta tafi na zauna na yi tunani. Mutum nawa ne a duniya suka san ƙararrawar nan, kuma ake aika musu irin wannan aiki su duba? Sai na tuna ranar da kika kira ni a tsakiyar mako, ba Lahadi ba kamar yadda kika saba. Ba ki tambaya ko na ci abinci ba, tambaya kika yi me na ci, da wane lokaci. Bayan kwana kaɗan sai ga kafinta da ƙarafuna, wai kin ce a kafa mini abin riƙewa a banɗaki. A lokacin har na yi ta mita ina cewa wa ya gaya miki ina bukata.

Na kasa riƙe abin ni kaɗai, na gaya wa Che Jafali. Da ma na sani ban yi ba. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce hedimasta ya nemi suna a mujalla, ga shi ya samu, har ƙetaren teku an san shi. Ya ce shi da bai wuce aji biyu ba ya tuna bulalar da nake yi wa yara in sun kawo ƙara suka faɗi rabin magana, yanzu wa zai riƙe mini hannu a yi mini tawa bulalar? Na ce masa ya tashi ya bar mini gida. Ya ce ba inda za shi, ai in ya tafi zan ce wa rikoda ta gaba maƙwabta ma sun gudu. Sai da ya ga ban yi dariya ba sannan ya ce a hankali 'yar nan taka ta yi ƙoƙari, wata da tuni ta kira ta zazzage maka.

Wannan ne abin da ya hana ni sukuni, Tiyanjane. Ina ganinki a ofishinki, an aiko miki aiki irin na kullum, kina karantawa da jan biro a hannu, sai ga maganar ubanki a tsakiyar shafi, a gaban baƙi, yana cewa kaji sun fi ki. Kuma dokar aikinki ta ɗaure miki baki. Watanni kina kirana kowace Lahadi, kina jin ina cewa lafiya lau, kin san ba haka ba ne, ba ki da damar cewa kin sani. Ni na koya miki riƙon amana tun kina ƙarama, ban taɓa zaton a kaina za ki biya kuɗinsa ba. Kunya ta hana ni fita ko bakin hanya, gani nake kowa ya karanta, alhali a cikin mutanena mutum ɗaya ne ya karanta, kuma shi ne wanda bai kamata ba.

Jiya Madalo ta zo jin hukuncina. Ta ce zaɓi biyu ne: a cire ni gaba ɗaya, ko a bar maganata a ɓoye duk abin da zai sa a gane ni. Na ce ta gyara jimlar nan ta kaji, ta sa wata mai daɗi. Karo na farko ke nan da ta ƙi bin maganata kai tsaye. Ta ce ba ta da ikon sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ko da shi ya roƙa, amma in ina da ƙari tana iya kunna rikoda. Na ce kunna. Na faɗi ɗaya rabin: magungunan, gayyatar da na ƙi, matar da na sallama, da dalilin da ya sa na ɓoye su a karon farko. Ta ce wannan ɗin ma abin da ya kamata masana su ji ne. Na yarda a bar ni a ciki don ta kammala karatunta, amma an cire hedimasta, an cire ƙararrawa, an cire aikinki har daga cikin jimlar kajin. Na zama wani tsoho a kudancin ƙasa. Ni da na yi fushi don an hana ni suna, ni ne na riƙa tambayarta ko ta tabbata babu wanda zai gane ni.

Ba na tambayar ki ko ke ce, kuma kada ki amsa, ko a takarda ko a waya. Ki riƙe amanarki yadda kika riƙe ta. Amma ki lura da wannan: duk abin da ke cikin rubutun nan, ga shi yanzu na rubuto miki da hannuna. Ya daina zama sirrin mujalla, ya zama maganar uba da 'yarsa. Kina da damar yin fushi, kina da damar yi mini faɗa a kan faɗuwar da na ɓoye, da kuma jimlar da na faɗa a kanki. Ki yafe mini ita in kin iya, in ba ki iya ba tukuna zan jira. Matar nan mai dafa abinci, in har za ta yarda ta dawo bayan abin da na yi mata, ki ce ta zo.

Ki gaida Kondwani, ki ce na gode da rigar sanyi. Ki shafa mini kan jikokina Tadala da Mayamiko, ki ce wa Mayamiko ƙararrawar tasa ce in ya zo. Gwaggonki Nachisale tana gaishe ku, haka Che Jafali da matarsa. Ranar Lahadi zan zauna kusa da waya tun da wuri. Ki tambaye ni yaya nake, sannan ki ɗan jira, kada ki karɓi amsar farko.

Naki, mahaifinki,
Wyson Chikaonda