Bakin Baba da Ba Wanda Ya Duba

Zuwa ga Autarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan kowa lafiya, 'yan biyuna har sun fara haƙora, ba abin da ya tsira daga cizonsu. Sai ki kwantar da hankalinki: an cire wa Baba maɗaciyar nan ranar Talata, yanzu haka yana kujerarsa ta bakin taga yana musu da rediyo.

Amma akwai abin da nake so ki ji daga bakina, tunda ke ma wannan aikin namu na sa barci kike koya. Kin san idan mutum ya yi barcin tiyata numfashinsa yana hannunmu, sai mun zura masa bututu ta maƙogwaro. Shekara goma sha biyu ina gaya wa ɗalibai kada su kwantar da kowa sai sun duba bakinsa da wuyansa. To, likitar da aka ba aikin sa Baba barci tsohuwar ɗalibata ce, wadda muke kira 'Yar Gaban Allo. Ta zo ta gaishe shi, ta auna jini, ta saurari ƙirji, amma ta ji nauyin ce wa mahaifin malaminta ya wangale baki ya zaro harshe. Ta ɗauka ai na duba. Ni kuwa na ɗauka ta duba, kuma gaskiya, ta ina zan fara kama haɓar Baba?

Inna ce ta cece mu. Da safiyar aikin tana naɗe bargo, sai ta ce wa likitar Allah ya ba su sa'a da bakin nan, don ita shekara arba'in ke nan tana nemo masa ƙaramin cokali, tun faɗuwar da ya yi daga keke bakin ba ya buɗewa sosai, ga minshari kamar injin niƙa. Baba ya ce sharri take masa, shi bai taɓa jin minsharin ba. Ni da likitar muka dubi juna.

Nan take ta ajiye kunya ta duba. Yatsu biyu da ƙyar suka shiga bakinsa, ko belinsa ba a hangowa. Da ta laluba ƙarƙashin gemun nan da muke alfahari da shi, ashe haɓar ƙarama ce, ta shige ciki, wuyan kuma ba ya lanƙwasa baya. Baba ya ce ko akuya za a saya ba a yi mata wannan bincike. Muka yi dariya, amma na san da an fara sa shi barci, bututun na iya ƙin shiga, mintoci kaɗan kuwa sun isa a rasa mutum. Aka ɗaga aikin awa biyu, aka kawo siririyar na'ura mai kyamara, aka fesa masa maganin kashe zafi, likitar ta zura bututun ta hanci yana farke, sannan ta sa shi barci. Ni ina baranda, ban iya zama ba sai da ta fito tana murmushi.

Auta, ko wa aka kwantar a gabanki, ko malaminki ne, ko ni, ki ce ya buɗe baki. Ki kuma tambayi wadda take zuba masa abinci. Jiya da cokalin Baba na shiga aji, na ɗaga shi sama na ce su gaya mini abin da suka gani. Inna ta ce in dawo mata da abinta kafin abincin rana, kuma tana jiran takardar shaidarta ta likita.

Baba da Inna suna sa miki albarka. Goggo, Yaya Babba, Kawu Direba da maman 'yan biyu duk suna gaishe ki. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Wassalam, daga mai yi miki addu'a kullum,
Yayanki Malam