Ganyen da ke Cikin Tulun Mama

Gwaggo Aichi, don Allah ki taimake ni.

Yau Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma, ina rubuto miki daga gidanmu a Machame. Ranar ɗaya ga wata zan tafi Mwanza kama aikina na farko tun da na gama jami'a.

Mamata Haikael ta rasu a Fabrairu. Tana da wani tulun yumɓu mai faɗin baki da take sa wa fararen furanni duk Asabar. Bayan rasuwarta Baba ya karɓi aikin, amma in ya sa su sai su kwanta gefe guda kamar masu gyangyaɗi. Bai san Mama kan naɗe ganyen isale na shingen gidanmu ta cusa ciki, inda ido ba ya kaiwa, don kowane kara ya sami abin jingina ba.

Wata Asabar na tarar da shi zaune yana kallon hannuwansa. Da ya tafi kai madara wurin masu saye, na tsinko ganyen na yi yadda take yi. Ya dawo ya ga furannin tsaye ƙyam. Ranar, shi da ya daɗe yana ƙin abinci, ya cinye ayabarsa da nama, har da neman ƙari. Sai na ci gaba. Ni ke wanke tulun, shi ya sa bai taɓa ganin ganyen ba.

Jiya na ji yana gaya wa maƙwabcinmu, Dattijo Kimaro, wai Haikael ko a can ba ta yarda da hannunsa ba, har yanzu tana biyo bayansa tana gyara masa aiki. Suka yi dariya.

Ga abin da ban sani ba: ko da gaske ya ɗauka ita ce, ko ya gane ni ce yana rufa mini asiri, ko in na faɗa zai koma ƙin abinci, da abin da zai ji Asabar ɗin farko bayan tafiyata.

'Yar Machame mai zullumi

'Yata, Allah ya ƙara muku haƙuri.

Ba laifi kika yi ba. Kin ga uba ya karaya, kin tallabe shi. Tsoronki ma yana kan hanya, domin gaskiyar za ta iya sosa masa rai. Amma in kika tafi da bakinki a rufe, furannin za su kwanta, shi kuma ya zauna shi kaɗai yana zaton an sake barinsa. Wannan ya fi ciwo.

Kada ki ɗora wa wata ta ci gaba a ɓoye. Asabar mai zuwa, tun bai ɗauki madara ba, tsinko ganyen a gabansa. Ban da dogon bayani irin na 'yan jami'a. Ce masa haka Mama take yi, ki miƙa masa. Kin dai san a wajenmu ba a korar wanda ya zo da isale a hannu, don ganyen neman afuwa ne.

Bar shi ya naɗe da kansa a yatsunsa, ya saki cikin tulun, ya soka karan a tsakani. Ko ya karkace, kada ki gyara. Tuna masa ya riƙa sake ganyen duk mako, kada ruwan ya yi wari.

Abin da ya gaya wa Kimaro kuwa, ba sai kin ƙaryata ba. Dabarar ai tata ce. Hannun da zai riƙe ta ne kawai zai sauya.

Allah ya kai ki Mwanza lafiya, ya sa ki dawo ki tarar da furannin tsaye.

Gwaggo Aichi