Zuhal a Gida na Tara

Barrackpore, Maris 1965

Bhaiya Sookraj,

Sita Ram. Bayan wannan sallama tamu da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Merle, kuma teku na ba ku kifi.

Na sauka lafiya. Bayan 'yan mata biyu, wannan karon namiji ne, mai gashi irin na mahaifinmu Pa da ƙatuwar murya. An sa masa Bisnath. Da ma a nan labarin ya tsaya.

Surukata ta kai wa Pandit Ramoutar, malamin addininmu mai duba taurari, lokacin haihuwar, ƙaramin nake nufi, ɗan wancan da ya duba maka naka. Ya zana gidajen taurarin nan goma sha biyu. Can ya ce tauraron Zuhal ya zauna a gida na tara, gidan uba, kuma Rana tana ciki tare da shi, ga tauraron Mirrik yana hararsu daga gida na uku. Ya ce Rana ita ce uba, Zuhal kuwa ba ya ƙaunar ganinta. Muddin yaron da ubansa Harrilal suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya kafin ya shekara goma sha biyu, Harrilal ba zai kai ba.

Na san ka gane, Bhaiya, yayana. Irin naka ne sak.

Tun ranar mijina yake kwana gidan ƙanensa. Ko fuskar yaron bai gani ba, uwarsa ta hana. Ta ce a yaye shi da wuri a ba wani riƙo, kamar yadda aka ba da kai ga Mausi, 'yar'uwar Ma. Na duba duniya ban ga wanda zan iya ba shi in yi barci ba sai kai. Kai ka san abin, ba za ka ƙyamace shi ba. Kuma gidanku shiru, ba yaro.

Ka yi haƙuri ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Deokie

Mayaro, Maris 1965

Deokie,

Sita Ram. Mun gode Ubangiji da ya sauke ki lafiya. Gaisuwar ke nan, don ba ni da sauran wata.

Ba zan karɓe shi ba. Ki karanta da kyau, ki karanta wa surukarki ma.

"Kai ka san abin." Ashe kin san na sani! To me na sani? Na san cewa ina ɗan shekara shida Mausi ta kawo ni bikin Diwali gidanmu, aka ba ni abinci a bayan garken shanu, ke kina kan cinyar Pa a baranda yana ba ki alewa a baki. Na taso zan je wurinsa, Ma ta rugo ta sha gabana da gyalenta kamar ta ga kare mai hauka. Na san cewa yaran makaranta suna kirana Mai-cin-ubansa. Na san an ce shekara goma sha biyu, sha biyun ta zo ta wuce, tsohon Pandit ya sake buɗe littafi ya ce Zuhal ya dawo ta wata ƙofar, a ƙara haƙuri. Zuhal bai taɓa rasa ƙofa ba, Deokie.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Pa ya kai shekara sittin da ɗoriya, sai kuka ce kun gani, Pandit ya yi gaskiya, da aka raba su ga shi ya yi tsawon rai. Da ya mutu ina yaro kuwa, da ni na kashe shi. Ta ina mutum zai fita?

Kada ki zaci ban san karatun ba. Na biya wani tsoho a Rio Claro ya koya mini, don in ga da idona abin da aka kore ni a kansa. Gida na tara gidan uba ne, haka ne, amma shi ne kuma gidan sa'a da ibada da doguwar tafiya. Zuhal tauraron jinkiri da baƙin ciki ne, amma shi ne na haƙuri da aiki tuƙuru da tsawon kwana. Duk a littafi ɗaya suke. Me ya sa ba wanda ya kalli jariri ya ce ga mai haƙuri, ga mai ibada? Saboda mai tsoro ya fi mai murna komawa gidan Pandit.

Ki rungume ɗanki. Ki ce wa Harrilal ya dawo ɗakinsa ya daina zama yaron uwarsa.

Yayanki,
Sookraj

Barrackpore, Afrilu 1965

Bhaiya,

Sita Ram. Ina gaishe ka don kai babba ne, ba don ka cancanta ba.

Wasiƙarka ta zo ta tarar da Harrilal a asibitin San Fernando. Keken shanu ya kife da shi da lodin rake, ƙafarsa ta karye gida biyu. Ka san yaushe? Washegarin ranar da na yi abin da kake faɗa tun kafin ka faɗa. Na tare shi a bakin famfo na ce ya zo ya ci abinci a ɗakinsa kamar namiji, ya zo, ya ci, barci ya kwashe shi a kan benci. Kwana ɗaya tak.

Surukata ta tsaya a tsakar gida tana ihu har maƙwabta suka leƙo: "Ke da macijin da kika haifa, sai kun ga bayansa za ku huta?" Yanzu ni da Bisnath muna kwana a rumfar da ake ajiye taki. 'Yan matana an hana su taɓa shi.

Kai kana bakin teku kana yi mini karatun taurari. Kana jin kai kaɗai aka zalunta? Ni ce mai Mushtari a gida na farko, tauraron arziki a gidan kai, ga Zuhura a gida na huɗu, gidan uwa da muhalli. Ni ce sa'ar gida. Ka san abin da ake yi da sa'ar gida? Kulle ta ake yi. Na ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata, malamarmu ta zo har gida tana roƙo, Pa ya ce idan na fita shinkafarsa za ta ƙone a gona. Kai an kore ka ka yi aji bakwai, ka koyi gyaran inji, ka auri wadda kake so ko da ba ta addininmu ba ce, ba wanda ya isa ya hana ka. Ni alewar da ka gani ita ce duk rabona.

Tunda ka iya karatu, duba gidanka na biyar, gidan 'ya'ya, ka faɗa mini me ke ciki. Shekara takwas da aure! Ni na kawo maka ɗa har ƙofa kana yi mini wa'azi.

Idan ba ka so, an riga an samu mai so. Wani ɗan'uwan surukata a Penal, mai shagon giya, ya ce zai riƙe shi, in ya girma ya taya shi aiki. Da an gama yankan rake za a kai shi.

Deokie

Mayaro, Afrilu 1965

Deokie,

Sita Ram. Ubangiji ya ba Harrilal lafiya.

Maganar gida na biyar, Merle ce ta fara buɗe wasiƙar. Ta karanta, ta ninke ta, ta fita bakin ruwa ba ta dawo ba sai da aka gama jan taru. Ki sani tun wasiƙarki ta farko take ɗinka 'yan riguna tana ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Da na ce ba zan karɓa ba, mako guda ba ta yi mini magana ba. Jiya ta ce, "Sook, yaro ne fa, ba hujjar da za ka ci gardama da ita ba. Gidan giya za su kai shi." Sai na fasa kofi a bango. Kin ji abin da kika jawo mini a gidana.

Batun makarantarki ban sani ba. Ba wanda ya faɗa mini. Ina can ina jin haushinki shekara da shekaru, ashe ke ma abin ya ci ki. Wannan bai sa na huce ba, ƙara mini wuta ya yi.

Keken Harrilal kuwa, kowace kakar rake sai an kwashi mutane a wannan hanyar, kin sani, na sani. Duk 'ya'yansu Zuhal ne da su?

Ga maganata ta ƙarshe. Ba zan karɓi yaro daga hannun uwarsa in tsaya ina kallon motar da za ta tafi da ita ba. Na taɓa tsayawa a wannan wurin, ni ne yaron. Idan zai zo, ki zo da shi, ki zo da 'yan matan. Akwai ɗaki a baya, zan gyara rufin. Pandit ya ce kada ya kwana da uba, bai ce kada ya kwana da uwa ba. Je ki tambaye shi ki ga yadda zai yi ta juya littafi.

Merle ta ce in faɗa miki ba ta riƙe ki a rai ba. Ni dai na riƙe.

Yayanki,
Sookraj

Barrackpore, Mayu 1965

Sookraj,

Sita Ram. Ni ne Harrilal. Ban iya dogon rubutu ba, ka karanta yadda ya zo.

An sallamo ni da sanda na tarar gida ba kowa. Ba mata, ba 'ya'ya, ko tukunyar da take dafa miyar wake ta dal ta tafi da ita. Uwata ta ce Deokie ta fita da safe kamar za ta kai yaro awo. Kai ka kitsa wannan, na ga wasiƙarka a rumfa.

Wa ya ba ka izini? Ni na taɓa shiga tsakaninka da matarka? Duk ƙauye ana yi mini dariya, a shagon Boodram wani ya ce jariri ya kori ubansa daga gida ya kuma kwashe masa mata.

Ka ce ni yaron uwata ne. Kai ka kwanta ƙarƙashin keke rake na danne maka ƙirji? Ina kwance ina jin ƙashina na ƙara, abin da ya zo mini a rai shi ne maganar Pandit. Idan na mutu wa zai ciyar da su, kai? Uwata ta binne miji da 'ya'ya biyu, ni kaɗai da ƙanena muka rage mata. Kana so ta yi caca da ni don ka ji daɗin cewa ka fi Pandit sani?

Ban ce a kai shi gidan giya ba, wannan shawarar Ma ce. Ban ƙi ɗana ba. Ɗana ne, shekara bakwai ina roƙon namiji. Ka dawo mini da Deokie da 'yan matan. Yaron ka riƙe shi, zan riƙa aiko da shinkafa.

Harrilal

Mayaro, Mayu 1965

Harrilal,

Sita Ram. Na ji daɗi da ka tashi.

Ban ɗaure Deokie ba. Na karanta mata wasiƙarka, ta ce in faɗa maka ba za ta taka Barrackpore ba sai da yaro a kafaɗarta, kuma ta ƙofar gaba. Ka riƙe shinkafarka. Pa ma yana aiko wa Mausi shinkafa, mai kyau kuwa, buhu-buhu.

Bari in ba ka labarin da ko Deokie ba ta sani ba. Da Pa ya kwanta ciwon ajali na zo, aka tare ni a ƙofa, wai kada in ƙarasa shi. Na ji muryarsa daga ciki yana cewa, "Wane ne?" Ma ta ce mai sayar da kifi ne. Da ya cika sai aka aiko a kira ni da gaggawa, don babban ɗa ne ke sa wa gawa wuta. A bakin kogi aka buɗe mini fuskarsa. Ranar na fara ganinta kusa. Ashe yana da tabo a gira, ashe kunnensa irin nawa ne. Na tsaya da wuta a hannu ina kallon baƙo, Pandit yana cewa in yi kuka in kira sunansa. Hawaye ko ɗigo bai zo ba. Mutane suka ce dubi zuciyar Zuhal.

Abin da kake saya wa kanka ke nan. Za ka iya kai shekara casa'in, ka mutu a hannun yaron da bai san ka ba.

Ka tambaye ni ko na tabbata ba abin da zai same ka. Ban tabbata ba. Ni makanikin jirgin ruwa ne, ban san gobe ba, kuma ban yarda Ramoutar ya sani ba. Kana iya zuwa ka kwana ɗaki ɗaya da shi ka tashi lafiya, kana iya zama a Barrackpore maciji ya sare ka a gona. Tsoronka gaskiya ne, na yarda, kuma na janye maganar yaron uwa. Amma ba zan taya ka yin abin da aka yi mini ba, ko za ka kai ni kotu.

Bisnath ya fara dariya. Merle ce ke yi masa wanka, ita da Deokie suna faɗa kullum a kan zafin ruwa. 'Yan matan sun yi baƙi da wasa a rairayi, ƙaramar tana tambayar Pa ɗinta duk yamma.

Ƙofa a buɗe take. Ba zan sake rubuto maka a kan wannan ba.

Sookraj

Barrackpore, Yuni 1965

Bhaiya Sookraj,

Sita Ram, ka gaida mutanen gida duka.

Zan shigo motar Asabar. Ma ta ce ranar Zuhal ce, ta zauna a ƙofa tana kuka ta ce in na fita kada in dawo. Amma ranar kaɗai ƙanena zai iya duba mini shanu.

Zan kwana. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, kuma har yanzu ban huce da kai ba.

Me ake kawo wa yaro ɗan wata uku? Na tsaya a kanti na rasa, sai na sayi hula, ban san ko za ta shiga kansa ba.

Ka jira ni a tasha. Ƙafar ba ta iya rairayi tukuna.

Harrilal