Wai Yanzu Ni Ne Manaja

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Suleja, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya jikin Inna? Allah Ya sa ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, aikin nan na kamfanin kula da gidajen haya ya fara ba ni tsoro. Shekara biyu Oga bai san sunana ba, sai "kai, zo nan". Ko Lahadi ba na hutawa, da babur ɗina nake zagaya gidajensu har Sabon Wuse. Kwatsam ranar Litinin ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Manaja, ka iso?" Har kujera ya sa aka kawo min.

Da la'asar sai ga takardun notis huɗu na tashin 'yan haya, wai in sa hannu tunda ni ne manaja. Da na duba, an mayar da kwanan watan baya da wata uku. Ɗaya ta Maman Blessing ce mai ƙosai, wadda na san ba wanda ya taɓa ce mata ta tashi. Sunan Oga kuwa babu shi ko'ina.

Sai na tuna Malam Sabo da muka yi aiki tare bara. Shi ma sati biyu ana ce masa manaja, a na uku 'yan sanda suka zo suka tafi da shi.

Na ce sai na karanta tukuna. Tun ranar Oga yake min murmushi.

Ka ce wa Inna ta dage min da addu'a, ka gaishe min da Kawu. Wallahi gara a mayar min da "kai" ɗina.

Ƙaninka,
Nura