Citta a Kan Katifar Rahila

Daren Laraba, Kafanchan

Yau matar ofishin welfiya ta zo duba gida kafin a ba mu riƙon Rahila, marainiyar ikkilisiyarmu. Na rufe rijiya, na kulle maganin feshi, na ɗaura gidan sauro. Muna buɗe ɗakin yarinyar, sai buhunan citta a kan katifarta. Ashe ina kasuwa maigidana Bulus ya bar ƙanensa ya yi ajiya.

Matar ta yi atishawa ta ce, "Mama, sai wata mai zuwa."

Bulus wai ba a hana ɗan'uwa. Marainiya ce ake iya hanawa kenan?

Na jibge masa buhunan a gadonmu, na dawo ɗakin Rahila. Ya kwana da cittar ɗan'uwansa.